Guzuri a hanyar Santiago: ina shago yake, kuma yaushe yake buɗe?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. A watan Satumba yake son taka hanyar Santiago, tsohuwar hanyar ziyarar ibada ta Kiristoci, da ƙafa, tun daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa har Santiago de Compostela a arewa maso yammacin Sifaniya. Ya duba taswira ya ga galibin hanyar gonaki ne da ƙananan ƙauyuka, shi ne yake tambaya ko akwai shagunan da zai riƙa sayen abinci da sauran kayan buƙata, ko kuwa sai ya goyi guzurin kwanaki. Ya ƙara da cewa ba ya cin naman alade.

Ɗan'uwa, Allah ya kai ka lafiya. Kada ka goyi guzurin kwanaki. Hanyar da ka zaɓa, wadda ake kira Camino Francés, ta kusa kilomita 800, kuma duk cikin hanyoyin da suke zuwa Santiago babu wadda ta kai ta yawan wuraren cin abinci. Sau uku ina taka ta, biyu daga ciki tun daga farko har ƙarshe, ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma na taɓa wuni da ita, na kuma ga matafiya da yawa sun wuni da ita, kuma kullum dalilin ɗaya ne: ga shago a gabanka, ga ƙofa a kulle. A wannan hanya agogo da kalanda sun fi taswira muhimmanci, saboda haka a kansu zan fi daɗewa.

Ƙananan shagunan ƙauye, waɗanda za ka ga an rubuta musu tienda ko alimentación a saman ƙofa, suna buɗewa wajen ƙarfe 9 ko 10 na safe, su rufe wajen ƙarfe 2 na rana, ba za su sake buɗewa ba sai wajen 5 na yamma. Yanzu ka dubi yadda ranar matafiyi take. Kana fita daga masauki tun 6 ko 7 na safe, gari bai gama wayewa ba, mai shago yana barci. Kana taka kilomita 20 zuwa 25, ka iso masaukin gaba tsakanin ƙarfe 1 da 3, wato daidai lokacin da mai shago yake jan ƙofa zai tafi cin abincin rana. Ka fita kafin a buɗe, ka iso bayan an rufe. Lokacin da ya rage maka shi ne tsakanin 5 da 8 na yamma, kuma a nan ne gajiya take danne mutum, ya wanke safa, ya kwanta ya ce bari ya ɗan rintsa, ya farka an rufe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin karin kumallon gobe da abin da za ka ci a hanya, yau da yamma ake sayensu. Wanda ya riƙe wannan ya raba kansa da rabin wahalar.

Sauran rabin kuma Lahadi ce. A tafiyata ta farko na isa wani ƙaramin ƙauye ranar Asabar, ƙarfe 2 ta ɗan gota. Na tarar da shagon, ɗaya tal a garin, labulen igiyoyin roba yana reto a bakin ƙofa, a bayansa ƙofar katako a kulle, an manna wata 'yar takarda da rubutun hannu cewa sai Litinin. Ta tagar ina hango lemo da tumatir a cikin akwati, ga gwangwanayen kifi a jere. A jakata akwai rabin burodin jiya da ayaba ɗaya da ta fara baƙi. Da su na kwana, da su na tashi ranar Lahadi, sai da na yi tafiyar awa uku kafin na sami inda aka dafa mini wani abu. Tun daga ranar, duk Juma'a da yamma sai na zauna na duba inda Asabar da Lahadi za su riske ni. Manyan kantuna irin su Mercadona, Dia, Eroski, Lupa, da Gadis ko Froiz idan ka shiga yankin Galicia, ba sa rufewa da rana, suna aiki daga misalin 9 na safe zuwa 9 na dare, amma mafi yawansu ba sa buɗewa ranar Lahadi. Abin da kan cece ka ranar Lahadi shi ne gidan burodi, panadería, da safe kafin azahar, sai kuma ɗan shagon da ke cikin gidan mai idan hanya ta bi ta kusa da titin mota.

Ranakun biki ma tamkar Lahadi suke. Tunda a Satumba za ka tashi, ka sa ido a kan 8 ga Satumba, ranar da garuruwa da dama suke bikinsu, Ponferrada na ciki. Logroño tana bikin San Mateo na girbin inabi a makon 21 ga Satumba, León tana San Froilán a 5 ga Oktoba, sannan 12 ga Oktoba hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Ban da waɗannan, kowane ƙauye yana da ranar waliyyinsa, kuma ba za ka gan ta a wata manhaja ba sai ka iso ka ga an rataya tutoci a kan titi.

Yana da kyau ka fahimci abin da ya sa shagunan suke haka, don kada ka yi fushi da kowa. Ƙauyukan tsakiyar Sifaniya sun daɗe suna zubar da mutane. Matasa sun koma birane tun shekarun 1960, aka bar tsofaffi da gidajen da rufinsu yake ruftawa. Foncebadón, da ke kan dutse kafin a kai gicciyen Cruz de Ferro, ya kusa zama kango gaba ɗaya, maziyarta ne suka dawo masa da rai. A 2024 mutanen da suka karɓi takardar kammala ziyara a Santiago sun kusa rabin miliyan, kuma cinikinsu ne yake riƙe da shaguna da dama a hanyar. Ma'anar wannan ita ce yawancin wuraren ba duk shekara suke aiki ba: daga Afrilu zuwa Oktoba suna aiki, daga Nuwamba zuwa Maris da yawa a rufe suke ruf. Kai da za ka je a Satumba ka faɗa cikin lokacin wadata. Kuma sau da yawa mutum ɗaya ne mai shagon, shi ne mai masauki, shi ne mai dafa abincin dare, dole ya sami lokacin da zai huta.

Akwai ƙauyukan da ba su da shago ko ɗaya, motar burodi ce take zagayo musu. Za ka ji hon mai tsawo da hantsi, sai ka ga tsofaffin mata suna fitowa da jakar yadi a hannu, direba ya buɗe bayan farar mota, ƙamshin burodi ya cika titi. Ka shiga layi kawai, za a sayar maka kamar kowa. Wasu ranakun mai kifi ko mai kayan lambu ne yake zuwa haka.

Sai maganar bar. Kada sunan ya tsorata ka. Gaskiya ne ana sayar da giya a ciki, amma a ƙauyen Sifaniya nan ne wurin shan kofi da karin kumallo, nan tsofaffi suke karanta jarida, nan ake samun banɗaki da ruwa da wurin cajin waya. Ƙauyen da ba shi da shago galibi yana da bar, kuma shi ne yake fara buɗewa da safe. Abin da za ka samu kusan ko'ina shi ne café con leche, wato kofi da madara, da gasasshen burodi, da ruwan lemo da ake matsewa a gabanka, da tortilla de patatas, wainar ƙwai mai kauri da dankalin turawa da albasa. Za su kuma haɗa maka bocadillo, dogon burodi da aka tsaga aka cusa masa abin da ka zaɓa, su naɗe maka a takarda ka tafi da shi. Abu ɗaya da za ka kiyaye: madafarsu tana da lokacinta. Abincin rana daga misalin 1 zuwa 3 da rabi ne, na dare kuma mutanen ƙasar ba sa fara shi sai 8 da rabi ko 9. Saboda masaukan maziyarta, albergue, suna kulle ƙofa ƙarfe 10, wuraren da ke kan hanya suna fitar da menú del peregrino tun wajen 7: kwano na farko, kwano na biyu, abin zaƙi, burodi, da ruwa ko giya. Ka ce agua, za a kawo maka ruwa.

Yanzu ga wuraren da babu komai, waɗanda nake so ka rubuta a takarda. Ba su da yawa. A mafi yawan hanyar, duk bayan awa ɗaya ko biyu za ka shiga wani ƙauye.

Na farko shi ne ranar farko, kuma ita ce mafi wuya. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles ta kan duwatsun Pyrenees kusan kilomita 25 ne, ana hawa har sama da mita 1,400. Bayan kilomita 8 akwai Orisson, inda za ka sami abin ci da ruwa. Daga nan babu ƙauye, babu shago, sai tumaki da dawaki da iska, sai famfon da ake kira maɓuɓɓugar Roland kusa da iyakar ƙasashen biyu. Wani lokaci akan sami mai mota yana sayar da ayaba da dafaffen ƙwai da kofi a can sama, amma kada ka dogara da shi, ranar da hazo ya sauko ba lallai ya fito ba. Roncesvalles kanta ba gari ba ce, tsohon gidan ibada ne da masauki da 'yan wuraren cin abinci. Shagon sayayya sai ka ƙara kilomita 3 zuwa Burguete washegari. Don haka ka yi sayayyarka a Saint-Jean tun jajibirin tafiya. Idan ka je ofishin maziyarta da ke titin Citadelle karɓar credencial, takardar da ake buga wa hatimi a hanya, za su ba ka jerin masaukai da nisan da ke tsakaninsu. Ka adana wannan takarda, ta fi waya amfani ranar da caji ya ƙare.

Na biyu, daga Villamayor de Monjardín zuwa Los Arcos, kusan kilomita 12 cikin gonaki, inuwa kaɗan ce. Na uku, daga Villafranca Montes de Oca zuwa San Juan de Ortega, shi ma kusan 12, cikin daji, da hawa tun daga fita gari. San Juan ɗin ma 'yan gidaje ne kawai, kada ka sa ran babban shago. Na huɗu shi ne wanda kowa yake ba da labari: daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza, kilomita 17 a miƙe sambal, babu ƙauye ko ɗaya. Wannan yana cikin Meseta, shimfiɗaɗɗen filin alkama da ke tsakanin Burgos da León. A Satumba an riga an yi girbi, ƙasa ta yi fari fat, rana tana dukan ƙeya. Calzadilla a cikin kwari take, ba ka ganinta sai ka zo dab da ita, abin da yake karya zuciyar mutum ke nan idan ruwansa ya ƙare. Carrión tana da kantuna masu kyau, ka saya da yamma, ka cika gora, ka fita da asuba. Na biyar, daga El Burgo Ranero zuwa Reliegos, kusan kilomita 13.

Ka ƙara da wannan: daga Astorga zuwa Ponferrada tafiyar kwana biyu ce ta kan dutse. Akwai ƙauyuka, Rabanal, Foncebadón, El Acebo, akwai bar da ƙananan shaguna, amma kayan ba su da yawa kuma sun fi tsada, don da mota ake hawo da su. Abin da ka san ba ka iya rabuwa da shi, ka saye shi a Astorga. Daga Sarria kuwa, inda dubban mutane suke farawa don cike kilomita 100 da ake buƙata kafin a ba da takardar kammalawa, ka daina damuwa. Wuraren ci sun yi yawa har sai ka zaɓa, kuma da yake a wannan yanki hatimi biyu ake so a kowace rana, tsayawarka shan kofi ma tana biyan buƙata biyu.

To me za ka ɗauka? Abinci ɗaya na yau, da ɗan abin ko-ta-kwana wanda ba ya lalacewa. Nawa ba ya wuce rabin burodi, yankin cuku mai tauri, tumatir ɗaya ko biyu, lemo ko tuffa, da ƙaramin gwangwanin kifi mai murfin da ake ja da yatsa. A ƙasan jaka kuma akwai ƙullin gyaɗa da dabino ko zabibi wanda ba na taɓawa sai ta ɓaci. Ana ba da shawarar kada jakarka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, kuma ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Na sha ganin sababbin matafiya sun fito daga babban kanti a Pamplona da buhun shinkafa da kwalbar man zaitun, bayan kwana biyu gwiwa ta fara ciwo, su bar kayan a masauki. Ka nemi ƙaramar wuƙa mai naɗewa da cokali ɗaya. Wuƙar a can za ka saya, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da ita a jakar hannu ba. A ƙananan shaguna kada ka kai hannu kan 'ya'yan itace, ka nuna, mai shago ya ɗauko maka. Gonakin inabin da za ka ratsa a yankin La Rioja kuma, ga shi ya nuna yana leƙowa bakin hanya, gumin wani ne, a bar masa abinsa.

Idan kana son dafawa da kanka, kafin ka je shago ka leƙa madafar masaukin. Akwai kanta ko kwali inda waɗanda suka wuce jiya suke barin ragowar taliya, gishiri, mai da shinkafa, na kowa ne. Ka kuma duba ko akwai tukunya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Galicia, inda masaukan gwamnatin yankin suke da madafa mai tsabta da murhu, amma sau da yawa babu tukunya, babu faranti, babu cokali. Mutum ya sayo taliya da tumatir ya zo ya tsaya yana kallon murhu. A wasu wurare kuma, kamar Grañón da Bercianos del Real Camino, maziyarta ne suke haɗuwa su dafa abincin dare tare, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. Ana kiran wannan donativo. Abin da ka jefa yau shi zai ciyar da waɗanda za su zo gobe, saboda haka ka sa daidai abin da za ka biya a wani wuri idan kana da hali.

Maganar naman alade tana buƙatar kulawa sosai, domin a arewacin Sifaniya yana shiga inda ba ka zato. Kalmar ita ce cerdo. Jamón, chorizo, lomo, panceta, tocino, morcilla, duk shi ne. Idan ka ce ba ka cin nama kawai, wato carne, wani mai dafa abincin ba ya lissafa ɗan yankan jamón a matsayin nama, zai barbaɗa maka shi a kan wake da zuciya ɗaya. Ka koyi faɗin "No como cerdo, ni jamón, ni chorizo", kuma kafin a zuba maka miya ka tambaya, "¿Lleva cerdo?" Kwanon lentejas, wasu ƙananan wake da ake yawan bayarwa a farkon abinci, kusan kullum da chorizo ake dafa shi. Miyar ganye ta Galicia, caldo gallego, da kitsen alade ake ɗaure ta ko da ba ka ga nama a ciki ba. A yankin Navarra har kifin trucha da jamón ake soya shi. A kayan fulawa na kanti ka karanta bayan leda, idan ka ga manteca de cerdo ka ajiye. Abin da zai riƙe ka lafiya lau shi ne tortilla, cuku, ƙwai, kifi, ensalada mixta da ake sa wa kifin tuna da ƙwai, da yogot da 'ya'yan itace. Idan kuma sai yankan halal kake ci, a manyan birane kamar Pamplona, Logroño, Burgos da León ne za ka nemi carnicería halal, a ƙauyuka ka tsaya a kan kifi.

Ruwan famfo a Sifaniya ana sha. Yawancin ƙauyuka suna da fuente, famfon jama'a, a dandali ko kusa da coci. Ka karanta allon da ke jikinsa: agua potable na sha ne, no potable ba na sha ba ne. Za ka kuma ga wanda aka rubuta cewa ba a tace ruwan ba ko ba a ba da tabbacin lafiyarsa ba. Mutanen garin suna iya sha, ni dai ba na sha, don gudawa a tsakiyar Meseta tana iya cinye maka kwana uku. Lita ɗaya tana isa a ranakun da ƙauyuka suke kusa da juna, lita biyu a wuraren nan biyar da na lissafa. Bayan ka fita Estella za ka wuce famfon Irache mai baki biyu, ɗaya giya yake zubarwa, ɗaya ruwa, ka duba rubutun kafin ka tara gora.

Sauran kayan buƙata ba su da wahala. Kantin magani, farmacia, yana da koren gicciye mai walƙiya, kuma masu aiki a na kan hanyar sun ga bororon ƙafa iri-iri, ka cire kunya ka nuna musu. Idan a rufe yake, a jikin ƙofa akwai takardar da ke nuna wanda yake aikin kwana a yankin. Maganin da kake sha kullum ka taho da isasshe da takardar likita. Takalmi, safa, sanda da rigar ruwa sai a manyan garuruwa. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce. Kuɗi kuma, kada ka bar birni ba tare da tsabar da za ta kai ka kwana uku ko huɗu ba, ƙananan takardun yuro da sulalla, domin ƙauyuka da yawa ba su da na'urar cirar kuɗi, wasu masaukan ba sa karɓar kati, kuma injin sayar da ruwa da biskit da ke bakin wasu masaukai sulalla yake ci. Idan ka ga kaya sun yi maka yawa, gidan waya na ƙasar, Correos, yana kai kaya Santiago ya ajiye maka har ka iso.

Duk abin da na faɗa na Camino Francés ne. Idan wata rana ka koma Vía de la Plata da ke tasowa daga Sevilla, lissafin ya canja: tsakanin Castilblanco de los Arroyos da Almadén de la Plata kusan kilomita 30 ne ba ƙauye, ga zafin kudu. A can dole ka goyi abincin wuni cur da ruwa mai yawa.

Manhajoji irin su Gronze da Buen Camino suna nuna ƙauyen da yake da shago da wanda ba shi da shi, kuma suna da amfani, amma ba su san cewa mai shagon ya tafi asibiti a León yau ba. Wanda ya sani shi ne hospitalero, mai kula da masauki. Matambayi ba ya ɓata: lokacin da yake buga maka hatimi, kafin ma ka cire takalmi, ka tambaye shi ƙarfe nawa shagon garin yake buɗewa da yamma, wane ƙauye ne na farko da za ka sami bar a buɗe gobe da safe, da kuma ko akwai biki a gaba.